Lemar Shadda

Wata biyar na yi ina haɗa rokar nan, kuma har yau idan na tuna yadda ta ƙare sai in ji wuyana ya ɗau zafi. An ce mini tuni ya kamata a ce na huce. Ban huce ba.

A farkon shekarun casa'in ina aiki a ɗakin rarraba wasiƙu na wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan. Wani Bature abokin aikina, dattijo mai shirin ritaya, shi ya koya mini wannan jaraba. Na fara da ƙananan rokoki, irin waɗanda ba su fi muciya ba, na harba su har suka ishe ni. Daga nan na aika a kawo mini babba. Ta zo ta gidan waya cikin dogon kwali, na hau da ita hawa biyar zuwa ɗakinmu a Highbridge, matata tana tsaye a bakin ƙofa tana tambaya ko labule na sayo.

Kwaikwayon wata tsohuwar rokar binciken sama ce ta gaske, an rage mata girma. Gangar jikinta bututun kwali ne mai kaurin ƙwaurina, idan na tsayar da ita tana kawo mini ƙirji. Fukafukai huɗu na katakon filawud, kai na roba, da takarda mai nuna inda kowane layi da kowane harafi yake a jikin ta asalin. Duk safiyar Lahadi nakan fita kan matattakalar ƙarfen da ke bayan tagarmu, in yi ta gugar katako da samfefa har yatsuna su yi fari. Gam ɗin iri biyu ake gaurayawa, yana da wari, matata ta hana ni buɗe shi a kicin. Sau uku na kankare fentin wuyanta na sake, don layin baƙi ya karkace da abin da bai kai faɗin ashana ba. Babu wanda zai lura, amma ni na gani.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Inji ya kai roka sama, ya mutu. Bayan 'yan daƙiƙu wani ɗan albarushi ya fashe a cikinta, ya tunkuɗo kan rokar waje tare da lema, lemar ta buɗe, roka ta sauko a hankali. Don haka dole lema ta kasance marar nauyi, mai santsi, ta zauna sakwa-sakwa a cikin bututu. Wadda ta zo cikin kwalin ta nailan ce ruwan lemo, idan ka dunƙule ta ba ta cika tafin hannu ba. Ba ta da kyan gani, amma aikinta za ta yi.

Saura mako biyu ranar harbi, surukina ya zo gaishe mu. Tela ne, mutumin zangon Kumasi, yana zaune a Morris Heights da kekensa a tsakiyar falo, kuma rabin rigunan sallar unguwar daga hannunsa suke fitowa. Ni mutumin Zariya ne, da kunyar suruki aka raine ni. Ba na cin abinci a gabansa, ba na faɗin sunansa, idan yana kan kujera ni ina ƙasa. Tsallaka teku bai rage komai ba. Ya ga rokar a jingine, ya yaba, sannan idonsa ya faɗa kan lemar da na shanya a bayan kujera. Ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wane ne ya yi wannan aiki?" in ji shi. "Ko baki ba su kama ba. Ɗana, da tela a gida kana amfani da tsumma?"

Na ce, "Haka take zuwa, Baba."

Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ina kallo. Na gaya wa kaina baki kawai zai kama mata, wannan ba zai ɓata komai ba.

Bayan kwana takwas matata ta dawo daga gidansa da ƙunshi a takarda. Na buɗe, na zauna. Shadda ce shuɗiya, mai tsada, ya yi mata shafi da farin yadi. Ya zagaye bakinta da aiki na zare ruwan zinariya, ya sa tambari a tsakiya, ya ɗaura mata igiyoyi irin na labule. Sannan ya ba ta sitaci ya goge, har tana iya tsayuwa da kanta a kan tebur. Wallahi ban taɓa ganin ɗinki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin abin da ba shi da amfani irinsa ba.

Na tambayi inda ta nailan ɗin take. Matata ta ce ya yanka ta ya ɗauki awo.

Na ce, "Ki gaya masa wannan ba za ta buɗe ba."

"Ni? Kai ka gaya masa mana. Rokarka ce."

"Ubanki ne."

"Malam, kwana uku ya ajiye ɗinkin mutane saboda kai. A kan kayan wasa zan je in ce masa aikinsa bai yi ba?"

Kayan wasa. Wata biyar tana ganina ina tsugune a sanyi da samfefa, amma kayan wasa. Na fita na sauka gangaren unguwar na sake hawowa, sau biyu, kafin in iya shiga gida in yi magana kamar mutum.

Na yi dabara. Na karɓi aron lemar nailan daga abokin aikina. Niyyata in bar shaddar a gida, in harba rokata, in dawo in ce wa tsoho lemarsa ta buɗe kamar fure. Ƙarya ce, na sani, amma ƙarya ce da kowa zai kwana lafiya da ita. Ranar Juma'a bayan masallaci ya bugo wa 'yarsa waya, ya ce a tsaya a ɗauke shi gobe, yana so ya ga aikinsa a sama.

Filin harbin wata gonar ciyawa ce, tafiyar awa biyu arewa da birni, mai gonar yana ba ƙungiyarmu ta masu harba roka aro. Abokin aikina ne ya ɗauke mu a motarsa. Surukina ya sha babbar riga da hula, ya karɓi ƙunshin shaddar a hannuna, ya zauna a gaba da shi a cinya, ni ina baya rungume da roka. Da muka isa abokina ya tafi shirya tasa, ya bar ni da shi.

Kafin in gama sa inji, tsoho ya baje shaddar a kan bonet. Mutane suka taru. Wata mata ta ɗauki hoto, wani ya shafa zaren yana girgiza kai. Shi kuma da Turancinsa na Ghana yana nuna musu inda ya fara da inda ya tuƙe, yana nuna ni yana cewa mijin 'yarsa ne. Ban taɓa jin ya gabatar da ni ga wani da irin wannan murya ba. Ta nailan da na aro tana aljihun jaket ɗina, ina jin ta duk lokacin da na sunkuya.

Na ce, "Baba, da ka zauna a mota ka huta, rana ta yi."

"A'a, ina so in gani yadda kuke sa shi."

Na juya rokar, na sake juyawa. Na ce, ƙasa-ƙasa, "Kamar ta ɗan yi wa bututun yawa."

"Ba ka iya ninki ba ne. Kawo."

Ya ninke ta yadda ake ninke rigar ango, ya naɗe, ya tura da babban yatsa. Ta tsaya a rabi. Ya ce in danna. Na barbaɗa hoda, wai ko za ta yi santsi, na danna da tafin hannu har sai da kwalin ya yi ƙara. Na san abin da nake yi. Ba kuskure ba ne, ba rashin sani ba ne. Da hannuna na toshe bakin rokata kamar mai toshe kwalba, na ɗora kai, na ce, "Ta shiga, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce, "Yoo."

Akwai mutumin da ƙungiya ta sa ya duba kowace roka kafin a harba. Ya girgiza fukafukan, ya ɗora ta a kan yatsa ya ga inda nauyinta yake, ya duba injin, ya yaba fentin. Ya tambaye ni ko lema lafiya take. Na dube shi ido cikin ido na ce lafiya lau. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona ni. Yi wa baƙo ƙarya a kan abin da zai iya fasa wa mutum kai bai yi mini wuya ba ko kaɗan. Gaya wa surukina gaskiya a kan ƙyalle shi ne ya gagare ni.

Na zura ta a sandar ƙarfe, na maƙala wayoyi, na dawo bayan igiya. Mai lasifika ya ƙirga daga biyar ya danna maɓalli. Ta tashi. Kai, ta tashi! Miƙe sak, ba karkata, ba juyi, da ruri mai shiga ƙirji da farin hayaƙi a bayanta. Duk gugar nan, duk awon nan, ga shi a sama yana nuna kansa. Na ɗan manta da komai, har na ji ina cewa wataƙila albarushin ya fi ƙarfin shaddar.

Can sama ta yi sanyi, ta kwanta, na ga ɗan hayaƙi ya fita. Kan ya ɓalle yana lilo a igiyarsa. Wani abu shuɗi ya leƙo daga bakin bututun, ya tsaya nan. Mai lasifika ya yi ihu kowa ya dubi sama. Ta juyo da baki ƙasa, tana tahowa tana fito, mutane suna ja da baya suna nunawa da hannu. Surukina yana gefena yana cewa, "Yanzu zai buɗe. Yanzu zai buɗe." Ta faɗi kusa da layin motoci, Allah ya tsare ba kowa a wurin.

Rabin gaba ya nutse a ƙasa, ya tattare kamar gwangwanin da mota ta taka. Fukafukai biyu sun tashi, ɗaya ma ban same shi ba. Na durƙusa ina tsintar ɓaraguzan fenti, ban san me zan yi da su ba.

Mai dubawar nan ya iso da filaya. Sai da ya taka bututun da ƙafa ya ja da ƙarfi kafin shaddar ta fito. Ya ɗaga ta, ya auna nauyinta a hannu, ya tambayi wanda ya sa wannan. Na ce ni ne. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ce wannan ko daga saman bene aka jefa ta ba za ta buɗe ba, kuma duk wanda ya taɓa harba roka ya san haka, ni ma na sani. Ya ce na gama harbi na yau. Duk wannan a gaban surukina, wanda yake jin Turanci fiye da ni.

A mota ni ina tafasa. Ina tsara maganganu a raina, na tsoho daban, na 'yarsa daban, na iyayen da suka koya mini cewa sunkuyar da kai shi ne tarbiyya daban. Wa ya roƙe shi? Wa ya ce ya sa hannu a abin da bai sani ba? Don me duk abin da yaro ya yi sai babba ya gyara, ko da babban bai san gabansa da bayansa ba?

Da muka tsaya a ƙofar gininsu ya ce in raka shi. A bakin lifta ya juyo.

"Ka san ba zai buɗe ba?"

Na dubi ƙasa.

"Ina tambayarka. Tun ranar da aka kawo maka, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka bar ni ina tara mutane ina nuna musu. Ka bar ni na ninke shi da hannuna. Shekara arba'in ina ɗinki. Wanda riga ya matse shi yana dawo mini da shi, ya ce Baba nan bai yi ba, in kwance in gyara. Wannan shi ne ya ɗauke ni tela. Wanda ya ce ya yi kyau paa, ya je ya jefa a akwati, ya ɗauke ni tsoho ne da ake lallaɓawa. Da ka ce mini mai sauƙi ake so, ba ni da siliki ne?"

Na so in fashe. Rokata ce a but ɗin mota cikin jakar shara, wata biyar ɗina ne, ni aka kora daga fili, kuma don kada ransa ya ɓaci na yi duk wannan. Ga shi ran ya ɓaci, ga roka ta tafi, kuma ni ne mai laifi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na rasa inda ya yi ƙarya. Na rusuna na ce, "A yi haƙuri, Baba." Lifta ta zo, ya shiga, bai ce in gaida gida ba.

Ya ci gaba da ɗinka mini rigar salla duk shekara har ya rasu. Idan an kawo, sai ya bugo waya ya tambayi 'yarsa ko ta yi mini daidai. Ni bai sake tambayata ba.