Sada Mai Lodi, Wanda Ya Ƙi Cewa Tsautsayi

Ina tankaɗe a tsakar gida aka yi sallama, aka ce motar shanun da maigidana Maharazu ya hau ta faɗi a hanyar Kano. Shekarar Udoji ce, lokacin da kowa ya samu kuɗi sai ya sayi babbar mota. Mutum biyar suka rasu, duk fataken da ke zaune kan katako a saman shanu.

Masu ta'aziyya kowa abu ɗaya yake faɗi: "Kubura, tsautsayi ne, sai haƙuri." Na karɓa. Ran sadakar uku Malam Sada, mai lodi a tashar Daura, ya tsaya a zaure, ya ce a isar mini da magana.

Ya ce, "Yaya Kubura, ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma tsautsayi shi ne abin da ya auko ba a sani ba. Wanda aka gaya masa ya take, sunan abinsa keta doka. Na gaya wa direba birkinsa ba ya ci, na hana shi lodi. Ya zaga bayan karar shanu ya kwashi mutane."

Mai motar ya aiko masa cewa ya rufe baki. Direbobi suka sa masa suna Alƙalin Tasha. Ɗantsoho mai shayi ya ba ni labari, wani ya ce wa Malam Sada, "Baba, kai ka haifi dokar ne?" Ya ce, "A'a, ɗana, amma ni na wanke gawar."

Ya je gaban alƙali ya maimaita abin da ya faɗa a zaurenmu, bai rage ba. Aka karɓe lasin direban. Shi kuma Malam Sada aka ture shi daga lodi kusan shekara, yana dako da furfurarsa, kafin a mai da shi.

Tun asuba yake zuwa tasha. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya bubbuga taya da sanda, ya sa direba ya taka birki a gabansa. Haka ya yi ta yi har bana da ido ya gaza, ya koma gida.

Malam Sada, kai ne ka gaya wa marayuna gaskiyar abin da ya kashe ubansu, ka biya da abincin bakinka. Na gode, Allah Ya saka. Masu lodi na yanzu, ku leƙa ƙarƙashin mota kamar yadda ya yi, akwai matan da ke jira a gida.

Ni dai tun da na fita takaba nake tuyar ƙosai a bakin tasha. Kullum na farkon da ya fito daga mai, ba na sayarwa. Sai in ƙunshe shi a kai wa Malam Sada zaurensa tun da zafinsa.