Duna da kejinsa

Shekarun baya, bayan an rushe gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka mun koma unguwar Zahir, na yi wani zama da ba ni da tsayayyen aiki. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da hoshi, wato shingen tumaki da awaki, a bayan gari, can gindin duwatsu. Sai ya ce in riƙa zuwa ina kama masa kafin Allah ya kawo wani abu. Ni da aka haifa a tsakiyar Makka, ban taɓa kiwon ko kaza ba, na wayi gari ina jan buhun dusa.

Babbar damuwar Kawu a lokacin ita ce karnukan da ke yawo cikin duwatsu, waɗanda ba su da masu su. Sukan tona ƙarƙashin shinge su shiga, a wayi gari a ga an yi wa 'yan raguna kaca-kaca. Da na ba wani abokina Balarabe labari, ya ce karyar da ke gonarsu a wajen Ɗa'ifa ta haihu, irin manyan karnukan kiwon nan ne na Turkiyya, zai kawo mini ɗaya. Ranar da ya kawo shi ya ce, "Ka bi shi a hankali, jariri ne." Na dubi jaririn. Ya kai ɗan akuya girma, dagin ƙafarsa ya kusa cika tafin hannuna. Fuskarsa baƙa wuluk, shi ya sa Kawu ya sa masa Duna.

Kawu bai yarda ya zauna ba sai da ya tambayi wani malami ɗan Kano da ke karatu a nan, ya tabbatar masa kare na gadin dabbobi ya halatta. Mahaifiyata kuwa sharaɗi ta gindaya mini: "Kada ka kuskura ka kawo mini shi gida. Kayan da ka taɓa shi da su ma ka tuɓe su a can."

Ba a jima ba Duna ya fara nuna mana ko shi wane ne. Ya tauna tiyon tanki, ruwan ya tsiyaye ƙasa a tsakiyar zafi. Ya yaga buhunan dusa. Mafi muni, yana son wasa da 'yan raguna, kuma bai san ƙarfinsa ba. Na ɗaure shi da igiya ya cinye ta, na sa masa sarƙa ta goge masa wuya. Ranar da ya kori wata tunkiya mai ciki har ta faɗi, Kawu ya ce, "Ɗan nan, mai gadi ka kawo mini ko ɓarawo? Ko ka san yadda za ka yi da shi, ko in kai shi bayan dutse in sake shi. Halas, magana ta ƙare."

Na san abin da ke samun kwikwiyo a bayan dutsen nan, kuma gaskiya na riga na shaƙu da shi.

A satin na kai shi Jidda allurar rigakafi, na kwashe komai na gaya wa likitan dabbobin, wani dattijo ɗan Sudan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in yi masa keji. Na ce ai tausayi zai ba ni. Ya ce, "Ba kurkuku na ce ka yi masa ba, ɗaki za ka yi masa. Ka auna da girman ubansa, don nan zai kai. Ka sa allo ka raba cikin, kana matsar da shi yana girma. Ka ajiye a inuwa, da ruwa da iska. Kada ka tura shi ciki da ƙarfi, kada ka sa shi don ya yi laifi, kuma kada ka bar shi ciki wuni guda."

Da na kai wa mai walda awon, ya dube ni ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, zaki za ka ajiye?" Aka kawo keji aka girke a ƙarƙashin rumfa, na shimfiɗa tsohon bargo, na kafa fanka a gefe. Duna ya zagaya shi, ya shinshina, ya koma nesa ya zauna yana kallona. Na sa kwanon abincinsa a bakin ƙofa, ya ci. Washegari na tura kwanon ciki kaɗan. Sai ya miƙa wuya iya tsawonsa ya ci, ƙafafunsa na baya suna waje, kamar mai leƙa rijiya.

Nan ne wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ga babu kamarta. Na ce bari in shiga da kaina ya ga babu abin tsoro. Na durƙusa na rarrafa ciki, na zauna a kan bargon ina kiransa. Ya taso yana kaɗa wutsiya, ya ɗaga ƙafa ya dafa ƙofar, ƙofa ta rufe, sakata ta faɗa. Wayata tana cikin mota. Ina cikin ƙoƙarin zura hannu ta tsakanin ƙarafa sai ga Kawu ya shigo da wani baƙo da ya zo duba raguna. Suka tsaya. Ga ni a cikin keji, ga Duna zaune a waje yana gadina.

Kawu bai ko yi murmushi ba. Ya ce wa baƙon, "Masha Allah, ɗaya ya koya. Saura karen."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata ta daɗe tana tarbata da, "Sannu da zuwa, ya zaman keji?"

Amma ban fasa ba. Na samu wani mahauci yana tara mini guntayen nama da manyan ƙasusuwa, na sa doka cewa ba a cin ƙashi sai a cikin keji. In jefa nama ciki in ce, "Duna, ɗaki!" Da Hausa nake faɗa, don Kawu ya ce ko yaran gidanmu sun koma Larabci, karensa dai Hausa zai ji. Sannu a hankali ya fara shiga gaba ɗaya. Na fara tura ƙofar yana ci, in buɗe kafin ya gama. Daga baya na riƙa barinta a rufe na ɗan lokaci. Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne kukansa. Likita ya ce in na buɗe yana cikin kuka, na koya masa cewa kuka ne mabuɗi. Sai in juya baya in yi kamar ina shara har ya yi shiru, sannan in buɗe in yaba masa.

Da safe da yamma nakan fito da shi cikin tumaki ina riƙe da igiyarsa, in ya zabura zai bi ɗan rago in tsawatar, in ya natsu in ba shi nama. Da tsakar rana, lokacin da ko duwatsun Makka kamar za su yi magana don zafi, yana kwance a kejinsa fanka tana kaɗa shi. Na yi ta matsar da allon nan har wata rana na cire shi gaba ɗaya, don Duna ya cika ɗakinsa. In ya tsaya kansa yana kai mini ƙugu. Tumaki suka saba da shi, har 'yan raguna suna hawa bayansa. Kawu ya daina zancen bayan dutse, amma bai taɓa cewa na yi daidai ba.

Wata safiya, na idar da sallar asuba ke nan, Kawu ya kira ni. Ya ce in zo maza. Karnukan dutse sun dawo da yawansu. Da na isa na tarar da tumaki a cure a kusurwa, babu wadda ta yi ko ƙwarzane. Duna yana kwance a bakin ramin da suka tona, jini a wuyansa, ƙafarsa ta gaba ta karye. Na matsa zan taɓa shi ya yi mini gurnani, ni da nake ba shi abinci da hannuna. Ciwo ya gigita shi. Maƙwabta masu hoshi suka taru, amma babu wanda ya yarda ya kusanci bakin nan.

Kawu ya ce, "To yanzu yaya za mu ɗauke shi? Jidda ba nan kusa ba ce." 

Na ce a taya ni jawo kejin. Muka ja shi har kusa da inda yake kwance, na buɗe ƙofa, na ce kowa ya ja baya. Na tsuguna na sassauta murya na ce, "Duna, ɗaki."

Ya dube ni, ya dubi kejin. Ya yunƙura ya faɗi. Ya sake yunƙurawa ya tashi a kan ƙafa uku, yana ɗingishi, ya shiga ya kwanta a kan bargonsa ya sauke numfashi. Na tura ƙofa a hankali. Wani Bayamane da ke tsaye ya ce, "Allahu akbar!" Muka zura ƙarafa ta ƙarƙashi, muka ɗaga shi da kejin gaba ɗaya muka ɗora a a-kori-kura.

Likita ya ɗora ƙafar, ya ɗinke wuyan. Ya ce aikinsa mai sauƙi ne, mai wuyar yana gaba, domin sai Duna ya yi makonni ba gudu ba tsalle. Ya ce babban kare in bai saba da keji ba yakan yi ta dukan ƙarfe har ya sake karya ƙafar, kuma a nan ake rasa da yawansu. Duna kuwa ya koma ɗakinsa ya yi kwanciyarsa. Ina fito da shi da igiya ya zaga ya dawo. Bayan la'asar sai in ga Kawu ya jawo kujera kusa da kejin yana shan shayi, yana ba shi labarin tumaki kamar mai gaida maras lafiya. Mahaifiyata ma ta dafa romon ƙashi ta ba ni a tsohon kwano, ta ce, "Ka kai masa. Kwanon kuma kada ya dawo."

Ranar da likita ya ce a sake shi, na buɗe ƙofa, ya fito ya miƙe jiki, ya taka a hankali, sannan ya ruga cikin tumaki da ƙafafunsa huɗu. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan nan, ka yi aiki. Allah ya yi maka albarka." A lokacin mutane da yawa suna yi mini kallon wanda ba ya iya riƙe komai, har ni ma na fara yarda. Wannan ne abu na farko da na fara da hannuna na kai shi ƙarshe, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Abin da na ɗauka shi ne, duk abin da kake so wani ya yarda da shi ranar wuya, sai ka saba masa da shi tun ana cikin daɗi. Da ranar karayar nan ce Duna ya fara ganin keji, da ba mu kai shi Jidda ba.

Yanzu ina tuƙin bas a unguwar Aziziyya, sai ranar Juma'a nake leƙa hoshin. Duna ya tsufa, baƙar fuskar nan ta yi furfura. Tuni Kawu ya cire ƙofar kejin ya toshe wata kafa a shingen awaki da ita. Amma duk ranar da na je da azahar, a ciki nake samunsa, ya miƙe ƙafafu yana barci.