Dutsen Niƙan Inna a Gefen Hoto

Ko zan manta sunan layin da aka haife ni, ba na jin zan manta safiyar da mahaifina ya tsayar da masu haƙa a ƙauyenmu da ɗan yatsa guda, alhali yana kwance a kan gado a Anacha, bakinsa ba ya iya haɗa magana.

Baba ya zo Anacha tun yana saurayi, da fataucin albasa ya fara a kasuwar Head Bridge. Nan aka haife mu, nan muka yi wayo, har yaren Ibo ya zauna a bakinmu daram. Ƙauyen nasu na ƙasar Katsina kuwa zuwan salla kawai muka san shi. Da girma ya kama shi sai ya ƙudurta komawa gida. Tsohon gidan ƙasa na iyayensa ya riga ya zube, ya ce a share filin a yi masa na bulo. An fara aiki ke nan ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Kalma ɗaya ce ta rage masa sarai, ita ce "Inna", wato mahaifiyarsa da ta rasu tun kafin ya bar gida. Safe da yamma yana kiranta yana nuni da hannun hagu, mu kuma mu zame tsakar gida mu sha kuka, don mun ɗauka tafiyar ce ta matso.

Ginin ya dawo wuyana, ni ce babba. Ga shago, ga jinya, ga magini wanda sai ya ga dama zai turo hoto, shi ma sai ya zaɓi mai kyau. Ranar da ƙanwata ta zo daga Inugu, inda take aikin ofis, ta same ni ina zazzaga masa faɗa a waya, sai ta ce, "Yaya, ki daina tada jijiyar wuya, bari in haɗa miki abu."

Na ce, "Haɗa, 'yar boko. In ya fi ƙarfin bakina, na sara miki."

Abu biyu ta ƙulla. Na farko ma'ajiya ce a intanet, kamar rumbu, ta sa maginin ya saita wayarsa yadda duk hoton da ya ɗauka a wurin aiki zai faɗa ciki da kansa. Na biyu wani farin allo ne, shi ma a intanet, wanda mu da magini za mu iya kallo lokaci guda, kowa ya yi zane a kai ɗan'uwansa na gani. A tsakiyar allon ta ɗora taswirar gidan. Sai ta ɗaura su da juna: da zarar hoto ya shiga rumbun, zai fito a allon kusa da taswirar, ba mai aikowa, ba mai dannawa. Abin da aka zana a allon kuma kwafinsa ya koma rumbun ya zauna. Ta bar mana babbar wayarta mai faɗin faranti, ta hau okada, wato acaɓa, ta nufi tasha.

To, abin fa ya yi aiki, har ya so ya yi yawa. Komai zuwa yake. Babban yatsan magini, takalminsa, akuyar maƙwabta, sararin sama. Na kira ta na ce ta tace mana wannan tarkace, ta ce, "Bar su, Yaya, ba su cin abinci." Na yi tsaki na bari. Amma na lura Baba na son kallon allon, don haka kullum bayan ya sha koko sai in jingina masa wayar a kan filo.

Ranar da abin ya faru, ramin masai za a haƙa a kusurwar baya, inda taswira ta nuna. Ina ɗaura ɗankwali zan fita shago sai na ji Baba ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na shigo a guje. Wani sabon hoto ne ya faɗo, karkatacce, da gani maginin na ƙoƙarin mayar da waya aljihu ne hannunsa ya taɓa. Ga ƙafafun leburori, ga layin toka da aka shata, ga bakin diga. Can a gefe, cikin layin, wani ɓarin dutse ne mai kwarmi ya nutse a ƙasa.

Baba ya ɗaga hannun hagu yana rawa, ya ɗora yatsa a kan gilashin. Jan layi ya biyo yatsan. Ya kewaye dutsen. Sannan ya ja wani dogon zane daga jikin dutsen, tsawon kwanciyar mutum, ya rufe shi. Ya dube ni, hawaye na bin kuncinsa, ya ce, "Inna."

Wallahi sai a lokacin na gane. Duk makonnin nan ba kiranta yake ba, gaya mana yake inda take.

Na danna wa magini kira. Kafin in yi magana ya riga ni: "Hajiya, wa ke wasa da allon nan? Na buɗe in duba awo, ga jan layi yana tafiya shi kaɗai."

Na ce, "Malam, Alhaji ne. Don girman Allah ku ajiye digar nan! Duba dutsen da ya kewaye."

Na ji ya daka wa leburori tsawa. Ya je ya duba. Can ya ce a hankali, "Dutsen niƙa ne, Hajiya. Mun fara sara ta ɗaya gefen, ba mu kai nan ba tukuna." Shi maginin baƙo ne a garin, bai san komai ba. Ya aika aka ɗauko wata tsohuwa da ta rage cikin sa'o'in Baba. Ina riƙe da waya na ji muryarta tana salati. Ta ce shekarar da Inna ta rasu rafi ya cika ya yanke hanyar maƙabarta, aka rufe ta a bayan ɗakinta, ɗanta kuma, wato Baba, ya kafa dutsen niƙanta a wajen kai da hannunsa.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ni dai na san waya, na san hoto, amma a ce tsoho ya motsa yatsa a Anacha bakin kogin Kwara, layi ya bayyana a tafin hannun wani yana tsaye a kan kabarin uwarsa a ƙasar Katsina, a daidai wannan lokacin? Tsoron Allah ya kama ni, da wani irin daɗi da ban san sunansa ba. Kuma hoton da ya cece mu, da mutum ne ke zaɓa, ba zai taɓa turo shi ba. Ni kaina da na goge shi.

Kafin azahar ƙanwata ta shiga allon daga ofishinsu ta matsar da ramin zuwa ɗaya kusurwar. Da ta kira, kuka ya hana ta tsokanata. Na ce, "Na sara miki, 'yar boko." Bayan 'yan kwanaki wani hoto ya faɗo da kansa: gajeriyar katanga ta kewaye wurin, dutsen na nan inda yake. Baba ya daɗe yana kallo, ya shafa gilashin, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kwanciyarsa. Daga ranar bai ƙara kiran Inna ba.

Allah bai nufa ya shiga gidan ba, a nan Anacha muka rufe shi. Amma jan zanen nan yana cikin rumbun har yau, karkatacce yadda hannunsa ya ja shi, kuma shi ne magana ta ƙarshe da ya yi muka fahimta. Abin da na koya shi ne, in babba ya nace da faɗar abu guda, kada ka yi saurin cewa ruɗewa ce. Nemo masa hanyar da zai nuna maka, tun yana da yatsan nunawa.