Gyambon Cikin Ergash

"Sotiboldi kuma? Mai zuma?" Muryar Zulhumor, matar Holmat, ce ta tsallako katanga. "Shi ma za a kira shi sadakar shekara? Holmat, kanka ɗaya kuwa?"

"Na ce a sa shi."

"Ba za a sa ba. Shekara ashirin yayanka ko sallamar mutumin nan ba ya amsawa, sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido za ka zaunar da shi gaban abincin sadakarsa? Gashin kan nan da ya zube, ashe da hankalin ya tafi."

"Ke dai harshenki yana riga ki tashi daga barci. Sun shirya! Bara da kaka har gida ya bi shi ya nemi gafara, yadda ya shigo nan ya roƙe ni, ya roƙe ki, kika cika masa kafaɗa da majina. Mutumin da ya san kwanansa ya ƙare..."

"Wayyo, jakin Allah! Rage murya. Ba ka jin ƙanshin gurasa? Matar yayanka tana tanderu."

Tana tanderun kuwa. Tanderun Sabohat a jikin katangar da ta raba gidanta da na Holmat, ƙanin mijinta, yake, kuma a lokacin hannunta na ciki har kafaɗa. Gurasar da take liƙawa ta saɓule ta faɗa garwashi. Ta tsaya tana kallonta tana yin baƙi, ba ta ciro ba.

Duk unguwarsu, can bayan garin Namangan, da mota aka san Sabohat. Ubanta direban babbar mota ne da bai samu ɗa namiji ba, sai ya ɗora ta a cinya ya kama mata sitiyari tun ƙafarta ba ta kai birki ba. Shekara talatin da ɗaya tana jan motar tara madara ƙauye-ƙauye. Mijinta Ergash kuwa, malamin labarin ƙasa, ya san sunan kowane kogi na duniya amma bai san inda ake zuba wa mota mai ba. Kujerar gefe ce tasa. In abokai suka tsokane shi sai ya ce ai ministoci ma tuƙa su ake yi.

Ranar da likita ya ce wa Ergash ya jira a waje, ya kira ta ya tura ƙofa, ta gane tun bai buɗe baki ba. Ciwon daji ne a tumbi, ya riga ya bazu. Irin wannan magana ba a faɗa wa mai ita, iyali ke ɗauka su riƙe. Ta fito da murmushi ta ce, "Baban Dilbar, gyambon ciki ne. Daga yau kai da kitse sai kallo." Ta tara 'yarsu Dilbar da dangin Ergash ta rantsar da su ɗaya bayan ɗaya.

Wata takwas ta yi tana wannan aiki. Ta kankare takardun kwalabe, ta juye ƙwayoyin kashe zafi cikin kwalbar maganin gyambo. Miya ba mai ba gishiri. Kuka kuwa sai a mota, da gilashi a rufe. Ta wanke fuska da ruwan lagireto, ta shiga gida da labarin tsadar albasa. Da aka zo fita da gawarsa aka tambayi mata ko sun yafe masa, ita ta fara cewa ta yafe. Abu ɗaya ya riƙe ta a tsaye shekara guda cikin shuɗin kayan makoki: ya tafi bai sani ba, bai ji tsoro ba, kuma ita ce ta yi masa wannan.

Ba ta shiga gidan Holmat ba. Me za ta tambayi mutanen da suka yi shekara suna kallonta suna haɗiye magana? Ta rufe tanderu, ta ɗauki makullin tsohuwar motarta Jiguli, ta kama hanyar ƙauyen Nanay, can gindin duwatsu. Tambaya ɗaya take ɗauke da ita: idan kowa ya samu rabonsa na bankwana, ina nata?

Ita ce hanyar da suka bi bara, mako uku kafin ya kwanta. Shi ya ce ta kai shi su sayo tuffa, ta yi murna har ta wanke mota. Yau ma komai na nan yadda ya kasance. An gama tsinkar auduga, karan ya bushe ya yi ja, ragowar fari-fari na maƙale a jiki. Dogayen itatuwan bakin hanya sun rine rawaya, iska na kaɗo ganyen yana mannewa a gilashi. Mata sun jera bokitan rumman da inabi, kowace na ɗaga hannu. Hayaƙin ganyen da ake ƙonawa a lambuna ya shigo ta taga, ya shaƙe ta, don Ergash yakan ce wannan hayaƙi ne ƙanshin kaka, ita kuma ta ce masa ƙanshin tari ne.

Sau bakwai ya tsayar da ita a wannan tafiya. Yanzu take ƙirgawa. Gidan tsohon shugaban makarantarsu. Gidan wani ɗalibinsa da ya taɓa fasa wa leɓe. Maƙabartar iyayensa. "Jira ni, minti biyar," haka yake cewa, ita kuma tana jin daɗi wai ƙarfinsa ya dawo. Ta wuce su duka ba ta taka birki ba. Garken tumakin da ke gangarowa daga dutse ne ya tsayar da ita, suka kewaye motar suna gogar ta, ta kalli kujerar gefe ta ce, "Munafuki." Bakinta ne ya faɗa, idonta ya ƙi bin bayan maganar.

Ta tarar da Sotiboldi yana lulluɓe amyoyin zumarsa da tsofaffin barguna saboda sanyin da ke tafe. Rabuwarsa da Ergash a wani biki ne, inda Ergash ya faɗa gaban jama'a cewa Sotiboldi sukari yake ba ƙudan zumarsa.

"A'a, direba! Shigo, 'yar'uwa, shayi na kan wuta."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Me ya ce maka bara?"

Tsohon ya ajiye bargon a hankali. "An gaya miki ke nan."

"Katanga ta gaya mini. Ita kaɗai ce mai gaskiya a danginsa."

"To. A nan ya tsaya, inda kike. Ya ce, Sotiboldi, zumarka ba sukari, ƙarya na yi maka, haushi na ji da ka fi ni iya rawa. Na ce shekara ashirin kana nazarin wannan, malam? Sai ya ce ba zai ga dusar ƙanƙarar bana ba, likita ya gaya masa."

"Wane likitan?"

"Naku. Ya ce a makon farko ya koma shi kaɗai a bas, ranar da kika je kasuwa. Ya ce wa likitan shi malami ne, ba ɗan aji ɗaya ba."

Makon farko. Sabohat ta dafa amya, ƙudan da ke ciki suka yi gunji a tafinta. Wata takwas ke nan yana karɓar ƙwaya daga kwalbar ƙarya yana cewa Allah ya yi albarka.

"Mun yi kuka kamar 'yan maruƙa," in ji Sotiboldi. "Na ce a kira ki, ya ce a bar ki kina hutawa."

Ta juya ta kalli inda ta ajiye mota waccan ranar, ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa. Bai fi taku ashirin ba. Ta tuna abin da ta yi da waɗannan mintoci: ta ɗaga gilashi ta kifa kai a sitiyari. Yana kuka a nan, tana kuka a can, kuma kafaɗar da ya zaɓa ta abokin gabarsa ce.

"Ni fa? Bai ce komai a kaina ba?"

"Wannan sai wurin yayarsa. Ki tafi da zuma mana..."

Ta riga ta kai mota.

Daga nan hanyar hawa take yi. Duwatsu sun matso, kawunansu sun fara fari. Tana canza giya wani abu ya taso mata: wata safiya yana zaune a rana da bargo a gwiwa, ya ce, "Sabohat, zauna mana," da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ta ce gurasa za ta ƙone. Babu gurasa a tanderu ranar. Ta danne tunanin yadda take danne birki a gangara. Sau ɗaya ne. Mutumin da ya iya shiga bas shi kaɗai ya je ya tare likita, ya iya cewa zauna sau biyu.

Anzirat, yayar Ergash, wadda suke kira Opa, wato yaya, ta haura saba'in. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, kuma shekara talatin da huɗu da auren nan ba ta taɓa kiran Sabohat da sunanta ba, sai kelin, wato amarya, kamar jiya aka kawo ta. Tana zaune a rumfa tana jera tuffa cikin ciyawa.

"Kelin? Ke kaɗai a wannan hanya, da kayan makoki? Saura kwana tara a cire miki shuɗi a sa miki fari, ba za ki iya zama ba?"

"Opa, bara kin ba ni bokiti kin tura ni ƙarshen lambu. Kin ce tuffar can ta fi zaƙi."

Hannun tsohuwar ya tsaya. Sai ta ci gaba da jerawa. "Ta fi zaƙin."

"Awa guda na yi. Me kuka yi?"

"Osh ya ci, shinkafa da nama." Anzirat ta ɗaga kai, ba kunya a idonta. "Da kitsen wutsiyar rago, yadda yake so. Faranti biyu. Ya ce, Opa, ciwon da sauƙi, miyar Sabohat ce za ta kashe ni. Muka yi dariya har da hawaye. Ya amayar daga baya, amma ya ci."

Da zagi aka yi, da ya fi mata sauƙi. Miyar nan da asuba take tashi ta tace ta sau biyu.

"Dilbar ma ta sani?"

"'Yarsa ce."

"Ni kuma direbarsa."

"Kada ki yi saɓo, kelin. Ke kika fara. Ke kika rantsar da mu."

"Na rantsar da ku don kada ya ji tsoro. Ku kun rantse masa don me? Don ku zauna ku kalle ni ina wasa da kwalabe?" Ta nuna hanyar da ta biyo. "Mai zuma ya samu. Yaron da ya fasa wa leɓe ya samu. Ni me ya bar mini?"

Anzirat ta goge tuffa ɗaya a gefen rigarta, ta daɗe tana gogewa.

"Ya bari. A nan, kansa a cinyata. Ya ce, ba zan iya kallon idonta ba. Ƙaryar nan ita ke riƙe da ita, in na zare za ta faɗi. In na tafi, ki roƙar mini ita gafara. Ki ce mata na san komai, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi wa wani irin wannan wahala ba."

Wata tuffa ta faɗo daga reshe ta gangara har ƙafar Sabohat.

"Shekara guda, Opa."

"Na ga kin samu natsuwa. Na ce me zai sa in tayar miki?"

Sabohat ta dube ta sosai. Sau nawa tsohuwar nan ta zo gidanta a shekarar nan, ta zauna a kujerar Ergash ta sha shayi? Ba tausayi ba ne ya rufe mata baki. Maganar ƙarshe ta ƙaninta ce a hannunta, abu ɗaya nasa da kelin ba ta da shi, kuma da zarar ta isar, ya tashi daga nata. Shi ma da ya ba ta saƙon ya san yayarsa sarai. Wataƙila shi ya sa ya zaɓe ta.

Ta miƙe ta kakkaɓe ciyawa daga shuɗiyar rigarta. Anzirat ta biyo ta da sanda, tana jan bokitin tuffa, har bakin ƙofa.

"To ga shi na isar. Ki faɗa, kelin. Kalma biyu ce. Kwana tara ya rage, ki bar shi ya kwanta lafiya."

Sabohat ta dafa ƙyauren. Rana ta karkata, ganyen lambun duk ya kama wuta, motar na jiranta, kujerar gefe ba kowa. Ba ta karɓi bokitin ba.

"Na faɗa tun bara, Opa, gaban kowa. Mijina gyambon ciki ne da shi, shi na yafe wa. Wannan naku da ya san zai mutu, bai taɓa shigowa ɗakina ba."