Buroshi da Jajayen Duwatsu

Buroshi ake ce masa, shekararsa talatin yana sana'ar fenti, kuma ba ya iya ganin abu ya bar shi da launinsa. A sansanin gudun hijira, inda ya yi shekara huɗu da matarsa, babu bango sai tanti. Ya yi wa randar maƙwabta fenti, ya yi wa sandar wani tsoho, har aka riƙa ɓoye masa akuya.

Da yaƙi ya lafa aka mayar da su gida. Masu kwance nakiya sun riga su isa, sun jera duwatsu a filin da ke bayan unguwa: fari an duba, a bi, ja akwai nakiya a binne. An yi wa kowa wannan bayani a mota. Gogan naka kuwa barci yake, baki buɗe.

Washegari ya ga jeren, rabi fari rabi ja, ransa ya ɓaci.

"Wane ɗan koyo ne fenti ya ƙare masa?"

Kafin hantsi ya mayar da su fari fat, yana fito. Allah ne kawai ya tsare ƙafarsa.

Shugaban masu kwance nakiya ya iso, ya dafe kai. "Baba, ina jajayen?"

"Na gyara muku, ɗana. Ba komai, yi wa kai ne."

Sai suka hango matar Buroshi a tsakiyar fili da bokiti, za ta tsohuwar rijiya, tana bin farin dutse kamar yadda aka koya mata. Shugaban ya daka mata tsawa ta tsaya. Ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama.

Da aka gaya wa Buroshi ma'anar jan, sai ya ƙura wa duwatsun ido. Can ya ce, "Ja ba ya ɓuya da shafa ɗaya. Duk wanda ya fi ƙyalli ja ne, shafa biyu na yi masa."

Shi yana nunawa daga bakin hanya, su suna rarrafe da na'urar gano nakiya, suna kankare dutse da farce. Awa guda kafin a fito da ita.

Ta ajiye bokitin, ta ƙwace gwangwanin fentin daga hannunsa.

"Malam, shekara huɗu harsashi bai same ni ba. Kai ne za ka ƙarasa ni da kwalliya?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa.