Ranar da Gwaggo Ta Naɗe Hannu

Gwaggo yayar mahaifina ce. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wanki na asibiti, tana wanke zanen gado tana guga, har ta ajiye aiki. Amma ba da wannan aka san ta a unguwarmu ba. Duk macen da ta rasu, daga bakin titi har bayan makaranta, Gwaggo ce ke yi mata wanka. Tana da wata baƙar jaka rataye a bayan ƙofa, da sabulu da auduga da safar hannu da almakashi da kafur a ciki. Da an yi sallama da wata irin murya, kafin mai sallamar ya gama bayani ta sauko da jakar.

Ni tela ce, ni ke yanka likkafani, saboda haka na fi kowa ganin shigarta da fitarta. Ciki dai ban taɓa shiga ba. Ba ta yarda. Iyakaci ta kira mace ɗaya daga dangin mamaciyar ta zuba mata ruwa, ita ma da sharaɗin ta kau da kai.

Wata shekara aka buɗe ajin koyon shugabanci na mata a saman benen makarantar Islamiyya, duk Asabar da hantsi, na wata shida. Matan masallacinmu suka ba da suna biyu, nawa da na Gwaggo. Da na kai mata labari tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ni shugabar wa?" in ji ta. "Mutanena ba sa musu, ba sa neman shawara. Ki je ke kaɗai."

Abin da ya kai ta, kunyar matar liman ce, wadda ta tako har gida. Ta hau benen tana dafa gwiwa, ta zauna a bencin baya kusa da taga, ta ƙi karɓar biro.

Malamar ajin ba ta kai ƙaramar 'yar Gwaggo a shekaru ba. Siririya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Takan fara da aya ko hadisi, sannan ta sauko da shi cikin harkar yau da kullum: yadda ake riƙe amana, yadda ake jin shawarar wadda ba ka so, yadda ake raba aiki, yadda ake tsawata wa mutum ba tare da an tozarta shi ba. Mako huɗu Gwaggo ba ta ce uffan ba.

A mako na biyar Malama ta ce kowacce ta faɗi aikin da ke wuyanta, da wadda za ta riƙe shi in ba ta nan. Aka zagayo kan Gwaggo.

"Babu," ta ce.

"Mama, in zazzaɓi ya kwantar da ke ranar da wata ta rasu fa?"

Gwaggo ta ce an taɓa yi. Tana kwance a asibiti wata tsohuwa ta cika da safe, aka yi ta neman mai wanka har la'asar.

"To me ya hana ki koyar?"

"Baki," in ji Gwaggo. "Malama, ni na ga abin da mijin mace bai gani ba, na ga abin da uwarta ba ta sani ba. Mamaciya ba ta iya jan zane ta rufe kanta. In na shigar da mata biyar, kafin a dawo daga maƙabarta labari ya kai kasuwa."

Malama ta cire tabarau ta ce, "Gaskiyarki, Mama. To kar ki fara da koyar da wanka. Fara da koyar da kama baki. Wannan ma ilimi ne, kuma ban san wadda ta fi ki shi ba."

Bayan kwana uku Gwaggo ta leƙo shagona ta nuna mutum-mutumin da nake gwada riguna a jikinsa.

"'Yar nan, ara mini wannan marar kan."

Mata bakwai ta zaɓa, har da ni. Ba ta ɗauki masu yawan karatu ba. Ta ɗauki mai sayar da kayan miya, da matar direba, da wata nas, da wata bazawara da kowa ke cewa ta cika shiru. Wata biyu ba mu taɓa ruwa ba. Sai ta zaunar da mu ta ba mu labarin ƙarya game da wata mace da ba ta wanzu, ta jira ta ji ko zai dawo mata ta bakin wani. Bai dawo ba. Sannan ta shimfiɗa mutum-mutumin a tsakar gida, ta lulluɓe shi da zane, muka fara: niyya, alwala, dama kafin hagu, hannu a ƙarƙashin mayafi, ido a gefe.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne ta bari mu yi. Da ta ga an karkace sai ta ƙwace butar. Ta kai ƙarar kanta wurin Malama, Malama ta ce ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi, ta gyara da baki kawai. Haka muka riƙa ganinta, tsaye, hannu a ƙirji, tana cije leɓe.

Saura mako biyu mu gama ajin, wata Talata da hantsi, bas mai kai mata wurin aiki ta ƙwace wa direba a kan gada. Nas ɗinmu ce ta bugo waya daga asibiti. Mata tara sun rasu. Ma'aikatan ɗakin ajiye gawa biyu ne, duka maza, ga dangi sun cika harabar suna kuka.

Gwaggo ta aika a kira mu. Da muka isa ta wuce kai tsaye ofishin babban jami'in, mu muna biye. Matar da ta yi shekara ashirin da shida tana wuce ƙofar nan da kwandon wanki ba ta taɓa ɗaga kai ba, ranar ta tsaya gaban teburinsa.

"Ranka ya daɗe, mu takwas ne, mun iya aikin. In likita ya gama nasa, ka ba mu ɗaki mai famfo, da labule, da mutum ɗaya a ƙofa. Kafin la'asar kowa zai ɗauki tasa."

Ya dube ta, ya dube mu, ya miƙo makulli.

Ta raba mu bibbiyu a tebura uku. Ni ta ajiye ni a lungu da almakashi da bandir ɗin farin yadi. Matar direba na ɗaga mayafin farko sai jiri ya kwashe ta. Na zaci Gwaggo za ta yi faɗa. Sai ta riƙe ta ta ce, "Waje na fi bukatarki. Je ki zauna da iyayen, ki tambayo mini sunan kowacce." Ɗaya daga cikin matan ba Musulma ba ce. Gwaggo ta sa aka rufe ta da sabon zane, ta ce wa nas ɗin kada a bar ta ita kaɗai har danginta su iso.

Daga nan ta naɗe hannu. Tana zagayawa daga tebur zuwa tebur, tana magana ƙasa-ƙasa. "Nan kar ki cuɗa, zuba ruwa kawai." "Tallafi kan." "A hankali, ba sauri muke ba." Ba ka jin komai a ɗakin sai zubar ruwa da ƙarar almakashina. Mai kayan miya, wadda ake jin muryarta daga ƙarshen layi, tana kitsa gashin wata yarinya gida uku, hawaye na zuba, baki rufe. Na tsaya da yankan ina kallo. Waɗannan matan da na sani da ciniki da gardama da bin yara da bulala, ga su suna juya bayin Allah kamar masu ɗaukar jariri, kuma duk abin da hannunsu ke yi, daga bakin tsohuwar nan yake fitowa.

Mace ɗaya ta rage wadda babu wanda ya zo nema, babu waya, babu takarda. Ita kaɗai Gwaggo ta warware hannu ta wanke da kanta, ta ce in zuba mata ruwa. Na ji tana yi mata magana kamar mai lallashi: "Yi haƙuri, baiwar Allah, zan juya ki. Naki suna hanya." Da ta ɗaure likkafanin ta dafa goshinta ta yi mata addu'a mai tsawo. Ana kiran la'asar muka buɗe ƙofa.

A waje ta zauna a kan dakali, ƙafafunta sun kumbura. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambayi wadda ba ta ci abinci ba, ta ce kowacce ta kwana biyu ba ta ɗauki wani aiki mai nauyi ba, wadda kuma abin ya tsaya mata a rai ta zo ta same ta, kada ta kai wa kowa. Mijin waccan baiwar Allah da ba a zo nema ba ya iso washegari daga wani gari, ya same ta a shirye.

Yanzu Gwaggo ta haura saba'in. Mu bakwai mun zama ashirin da uku, daga unguwa huɗu, kuma bazawarar nan mai shiru ce ke raba mana kwanakin aiki. Duk sabon aji Malama kan ba Gwaggo Asabar ɗaya, a hau da ita benen a hankali, ta zauna ta yi magana minti ashirin ta ce ta gaji. Asibitin ya bar mana ɗakin, ya sa labule mai kauri. Abin da ya rage shi ne a sauko da famfon, don ya yi wa gajerun cikinmu tsawo. Ta je ofis a kan maganar sau huɗu, kuma ta ce in shirya, ranar Litinin za mu koma.