Raunin da Muka Toshe

Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi ina matar manomin shinkafa a wani ƙauye kusa da Argungu, da goyo a baya, ban san komai ba sai girki da kai abinci fadama. Maigidana ƙarfaffan mutum ne, ko zazzaɓi bai cika kayar da shi ba. Wata rana yana dashe sai wani tsohon ƙarfe da ke binne cikin laka ya huda masa tafin ƙafa. Bakin raunin ɗan mitsitsi, jini ma bai zuba sosai ba.

A wurinmu an yarda cewa iska ce ke ɓata rauni. Yayansa ya cusa man shanu da toka a ramin, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau da robar tayar keke, don ya koma cikin ruwa kada dashe ya wuce shi. Da ƙafar ta fara wari na ce ko a kwance a duba, yayan ya tambaye ni yaushe na zama wanzami. Na koma bakin murhu, ƙafar na nan a ɗaure.

Ba a daɗe ba muƙamuƙinsa ya sarƙe, ko kunu ba ya wucewa. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, da abin ya gagara aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya kwance robar, ya girgiza kai. Ya ce mini ƙwayoyin cuta iri-iri ne: wasu sai da iska suke rayuwa kamar mu, wasu da ita da babu duk ɗaya, wasu kuwa iskar ce ajalinsu. Ta tsinkau-tsinkau, ciwon da ya kama maigidana, tana cikin na ƙarshen, tana kwance a ƙasa da kashin dabbobi, kuma rami mai zurfi da aka toshe shi take nema. Ashe da hannunmu muka gyara mata wurin zama.

Aka kwantar da shi a ɗaki mai duhu. Motsi kaɗan sai jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe. Ko hannunsa an hana ni riƙewa. Hankalinsa garau, yana kallona yana son magana, baki ya ƙi buɗuwa. Wallahi ban taɓa jin rashin amfanina irin na kwanakin nan ba. Haka na zauna ina kallo har Allah ya karɓi abinsa.

'Yan'uwa, ajali ba ya wuce ranarsa, amma in ƙarfe ko ƙaya ta huda ɗayanku, ku wanke da ruwa da sabulu, kada ku toshe, ku garzaya asibiti a yi masa allurar riga-kafi, ko wa zai ji haushi. Ni dai har yau ban san abin da maigidana yake son faɗa mini ba.